Injin da Ya Goge Tsagar Malam Badamasi

Duk wanda ya taɓa bin layin masu wankin hula a unguwar New Bell ta birnin Douala ya san shagon Bilya, ko da bai san Bilya ba, domin allon da ke saman ƙofar ya fi shagon faɗi. A jikinsa an rubuta sunan Bilya da manyan haruffa, a ƙasa kuma: Douala, Dubai, Paris. A Douala dai an gan shi. Dubai da Paris kuwa har yau ba su aiko da ƙorafi ba.

Kafin wannan sana'ar ya tuƙa bensikin, wato babur na haya, wata huɗu, har ranar da ya shigar da wani liman cikin kwata da babbar rigarsa. Ya yi dako a kasuwar Mboppi kwana tara, ya ce wuyansa na masu tunani ne. Daga nan ya sami wata tsohuwar kwamfuta, ya kuma sa wata manhaja a wayarsa wadda in ka gaya mata abu sai ta zana maka shi kafin ka ajiye numfashi. Washegari ya wayi gari infograf, mai tsara hoto da na'ura.

"Zamanin burushi da gwangwanin fenti ya wuce," haka yake faɗa wa duk wanda ya tsaya fakewa ruwa a ƙofar shagonsa. "Abin da mai fenti zai yi mako yana yi, ni kafin shayina ya huce na gama."

Ya yi wa Husaini mai aski allo, hannun da ke riƙe da almakashi ya fito da yatsa bakwai. Da Husaini ya zo da faɗa, sai Bilya ya ce mai yatsa bakwai ai ya fi saurin aski. Ya yi wa Salahuddeen mai tsire saniya mai ƙafa biyar, ya ce ƙarin nama ne, kyauta.

Ana cikin haka mahaifinsa ya rasu.

Malam Badamasi Babarbare ne, ya sauko daga Barno da akwatin ƙarfe shekara arba'in da wani abu, ya zauna yana wankin hula a garin da ruwan sama ba ya barin hula ta bushe. Ya cika wata Talata bayan azahar, huluna bakwai na mutane suna jere a kan katako suna ɗiga. Mutum ne da ba ya son hoto. Da zarar an ɗaga waya sai ya kare fuskarsa da duk abin da ke hannunsa. A wayoyin 'ya'yansa akwai hotunan hula da kunnuwa biyu sun fi talatin. Fuskarsa kuwa wuri ɗaya tak take a duniya: jikin wani tsohon katin shaida, hoton bai fi farcen babban yatsa ba.

Kwana talatin da rasuwar, matarsa Inna Baraka, tana cikin takaba, ta kira 'ya'yanta biyu. Ta ciro katin daga cikin tsumman da ta ƙulle shi.

"Idona ya yi rauni," in ji ta. "In na rufe ido muryarsa tana zuwa, tafiyarsa tana zuwa, fuskar ce ta fara ƙin tsayawa. A faɗaɗa mini wannan kamar faifai, in riƙa ganinsa."

Rahinatu, yayar Bilya, mai sayar da atamfa a Mboppi, ta miƙa hannu. "Kawo, Inna. Akwai wani dattijo mai hoto a bakin kasuwa, aikinsa ke nan tun ba a haife mu ba."

"A gidan da akwai infograf?" Bilya ya dafe ƙirji. "Yaya, kina so Douala ta yi mini dariya?"

"Ai ta riga ta fara. Saniyar Salahuddeen tana nan tsaye."

"Wannan gwaji ne. Baba kuma aikin gaske ne. Inna, faifai kika ce? Ni bango zan ba ki. Ranar addu'ar arba'in duk New Bell sai ta ga Baba kamar zai yi sallama."

Inna Baraka ta dubi wannan, ta dubi wancan. Uwa dai uwa ce. Ta sa katin a tafin Bilya, ta naɗe masa yatsu a kai.

"Shi kaɗai ne, Bilya."

"Inna, kamar yana banki."

Da ya isa shago ya ɗora katin a tebur ya ɗauke shi da waya. Robar da aka lulluɓe katin da ita ta mayar da haske, hoton ya fito da fuskar Malam Badamasi dishi-dishi, da inuwar hancin Bilya a gefe. Da mai hankali ne, da ya matsa bakin ƙofa ya sake ɗauka. Bilya kuwa ya ce matsalar robar ce. Ya ɗauko reza.

Robar ta ɓare lafiya har tsakiya, sannan ta tashi da kunnen hagu.

Bilya ya dubi kunnen mahaifinsa manne a jikin roba. Ya ce ba komai, kunne ɗaya ya isa inji ya gane ɗayan. Sai ya lura da ɗigon fumfuna a kan goshi, irin wanda laimar Douala ke barin wa kowace takarda. Ya ga bai dace a wanke fuskar mamaci da ruwan famfo ba. Don girmamawa ya ɗauko kwalbar turare, ya jiƙa auduga, ya yi bisimilla, ya shafa sau ɗaya.

Malam Badamasi ya narke. Ya koma wani gajimare ruwan hoda, mai ƙamshi.

"Ɗan bawana, me kake ɓoyewa a aljihu?"

Alhaji Hayatu ne ya leƙo, Bafulatanin Garwa mai sayar da goro, aminin marigayin. Shekara arba'in suna wasan Fulani da Barebari, kullum kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, kuma ranar jana'iza shi aka riƙe don kada ya faɗi.

"Sirrin aiki ne, Baffa."

"To. Ka dai fito mini da bawana yadda na san shi. Muninsa ma ina kewarsa."

Bayan ya wuce Bilya ya share gumi. Ya tuna ai hoton farko yana cikin waya, kuma manhajar tana da wani maɓalli na gyaran tsofaffin hotuna. Ya danna. Ta tambaye shi da Faransanci ko yana so a goge ƙarce-ƙarcen da ke jikin hoton. Ya ce mata sosai ma kuwa.

Abin da wanda ya ƙera injin nan bai taɓa ji ba, a can ƙasar da yake, shi ne akwai ƙarcen da ba tsufan takarda ya yi shi ba. Malam Badamasi yana da tsagar Barebari guda tara, wadda wanzami ya yi masa yana ɗan kwana bakwai. Inji ya dube su ya ɗauka ɓarna ce. Cikin ƙiftawar ido ya share su tas, ya miƙo wa Bilya wani mutum mai kumatu sumul kamar tuffa, da haƙora farare jere kamar an saya a kanti.

"Kai!" in ji Bilya. "Baba, ashe haka kake!"

Ya ɗan yi tunani, ya ga ya kamata a mayar da tsagar. Ya rubuta wa inji a sa tabo a fuska. Inji ya ba shi ɗan dambe da filasta a gira. Ya ce a'a, layi-layi a kumatu. Inji ya ba shi gashin bakin kyanwa. Ya ce yanka da aska yake nufi. Inji ya ba shi haƙuri, ya ce ba ya zana zubar da jini, ya kuma shawarce shi da ya nemi wanda zai yi magana da shi in yana cikin damuwa.

"Kai ne kake cikin damuwa," in ji Bilya. Ya yanke shawarar a bar Baba sumul. A Aljanna ma ai an ce kowa saurayi zai tashi.

Tun da fuska ta yi kyau haka, sai ya ga tsohuwar rigar ba ta dace da ita ba. Ya nemi babbar riga, inji ya ba shi ta Larabawa da igiya a ka. Ya nemi hula, aka ba shi ta masu dafa abinci a otal. Ya gaji ya ce a sa kaya masu daraja kawai, aka sa kwat da jan lakataye. A baya ya sa gajimare, da fararen tattabaru irin waɗanda yake gani a allunan jana'izar maƙwabtansu Kirista, da zaki guda don kwarjini. Da ya ga gefen dama ya yi fili, sai ya ƙara jirgin sama.

A gidan ɗab'i na unguwar Akwa, matar da ke kan na'urar ta tambaye shi girman da yake so. Ya ce mita uku. Ta dubi hoton, ta tambaye shi ko ɗan takarar wace jam'iyya ne.

"Babana ne."

"To Allah ya ba shi nasara."

Aka buga a kan ƙyallen roba, aka naɗe, ya hau bensikin ya riƙe shi a kafaɗa kamar mai ɗauke da gora. A mararrabar da ake shiga New Bell iska ta taso gaban ruwa. Igiyar ta kwance, ƙyallen ya buɗe, babur ya zama jirgin ruwa. Suka kwashe tiren mai soyayyar ayaba, suka shafi wani ɗan sanda, suka tsaya cikin tulin kwandunan tumatir. Kafin Bilya ya tashi mutane sun kewaye hoton. Wata mata ta tambayi yaushe faston zai fara taron warkarwa. Wani ya ce ba fasto ba ne, mai maganin ƙarin ƙiba ne, ya san shi a kasuwar Grand Hangar. Bilya ya naɗe kayansa yana cewa a ransa, aikin da ya tara jama'a tun a hanya ai ya karɓu.

Kwana uku Rahinatu tana cewa ya nuna mata.

"Ba a leƙa tukunya kafin ta nuna, Yaya."

"To ba ni katin in mayar wa Inna."

"Yana hutawa."

"Kati ne yake hutawa?"

"Ya sha aiki."

Ranar arba'in aka kafa rumfa a layin, aka shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har bakin kwata. Bilya ya rataye ƙyallen a bangon gidan, ya rufe shi da zanen gado biyu. Hantsi ya ɗaga, malamai suka sauke karatu, aka shafa, aka fara raba waina da gumba. Liman, wanda bai manta da kwata ba, ya nuna bangon da carbinsa.

"Wannan kuma mene ne? Mu dai ba mu gaji rataye mamaci a bango ba."

"Allah gafarta Malam, zamani ne."

"Zamanin ne ya jefa ni a ruwa bara."

Bilya ya hau kan benci. Ya yi gyaran murya, ya fara da Faransanci, ya ga dattawa suna hamma, ya dawo Hausa. Ya ce yau New Bell za ta shiga tarihi. Ya ce da burushi ne da wata uku ana yi. Ya ce duk mai mamacin da yake so a raya masa shi, shagonsa a buɗe yake har ranar Lahadi. Sannan ya fizge zanen gadon.

Wani da ke tauna waina ya tsaya da ita a baki.

Mutumin da ke bangon ya yi musu murmushi da haƙora talatin da biyu. Zaki yana kallon tattabaru. A ƙasan kwat ɗin akwai jan tabon tumatir.

Mama Rozali, maƙwabciyarsu Baduwala da ta kawo tukunyar wake don zumunci, ita ta fara magana. "C'est qui, le député?" Wato wane ne wannan ɗan majalisar.

"Baba ne," in ji Bilya.

"Baban wa?" in ji Husaini mai aski. "Shekara ashirin ina yi wa Malam aski, ina kewaya tsagarsa kamar mai kauce wa ramukan hanyar Bonaberi. Wannan fuskar ko ƙuda ya sauka sai ya zame."

"Ku ƙirga yatsunsa!" in ji Salahuddeen daga baya.

"Hannun yana aljihu," in ji Bilya.

"Ya yi wayo!"

Alhaji Hayatu ya tashi da sandarsa, ya taka har gindin bango, ya ɗaga kai yana duba kumatun nan ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗan bawana, ina bawana?"

"Shi ne wannan, Baffa. An ɗan gyara shi ne."

"Gyara? Shekara arba'in ina gaya masa kaza ce ta yi tonon tsaba a fuskarsa, yana ce mini rubutun sarauta ne wanda Bafulatani ba ya iya karantawa. Yanzu ka kawo mini wannan, me zan ce masa? Wannan ko bashin gaisuwa ba na binsa. Ka mayar da shi inda ka samo shi, iyalansa suna nemansa."

Layin ya fashe da dariya, har da malamai. Liman yana cewa a yi istigfari, kafaɗunsa suna rawa.

Rahinatu ba ta yi dariya ba. Ta fito daga cikin mata, ta tsaya gaban bencin, ta buɗe tafin hannu.

"Sauko. Ba ni katin. Yau ɗin nan zan kai wa mai hoto."

"Yaya, a bari a watse..."

"Bilya."

Ya sauko. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, kamar akwai wani aljihun da zai cece shi. Ya ciro katin. Suna yana nan, ranar haihuwa tana nan, hatimin hukuma yana nan. Inda fuska take sai ɗan gajimare ruwan hoda. Har lokacin yana ƙamshi.

Dariyar ta mutu daga gaba zuwa baya, kamar yadda ruwa ke ɗaukewa a kan kwanon rufi. Rahinatu ta riƙe katin da hannu biyu.

Labulen ƙofar gidan ya motsa. Mai takaba ba ta fita, amma katangar New Bell ba ta riƙe sirri, Inna Baraka ta ji komai.

"Bilya. Zo nan."

Ya je ya durƙusa a bakin ƙofa, bayansa ga jama'a. Hannu ya fito daga labule ya kama kunnensa.

"Rahinatu, ɗauko mini jagirata a cikin kwalla. Kwana arba'in ban taɓa ta ba, yau ta sami aiki."

"Inna, don Allah, mutane suna..."

"Ai kai ka tara su. Tun da injinka bai san abin da ya goge ba, zan rubuta maka shi a inda ba za ka yar ba. Da shi za ka taka har Akwa da ƙafa, ka nuna musu."

Ta kafa bakin jagirar a tsakiyar goshinsa ta ja layi har kan karan hanci. Jama'a suka sake kecewa. Alhaji Hayatu ya matso yana ba da umarni kamar mai kula da gini.

"Ta goshin ta fi haka tsawo, Baraka!"

"Alhaji, kai daga nesa kake ganinsu. Hannuna ya fi idonka saninsu."

Ta koma kuncin dama. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ba ta ma kallo, da yatsa take auna tazarar, yadda ake laluben hanyar ɗakin da aka daɗe a ciki. Ta uku ta ɗan karkace a ƙasa, ta ce haka take, wanzamin ya yi atishawa. Ta juya kuncin hagu. Ɗaya, biyu, uku.

A ta huɗu hannunta ya tsaya.

Ta saki kunnen. Ta ɗaga labulen kaɗan don haske ya shigo, ta tallafo haɓarsa, ta matso da fuskarta kusa ƙwarai saboda idon. Ta daɗe a haka. Sannan a hankali ta ƙarasa layin, ta kama kafaɗunsa ta juya shi ga jama'a.

Husaini ne ya fara cewa la'ilaha illallahu. Shekara ashirin da shida Bilya yana yawo a layin nan, kowa yana jin bakinsa, babu wanda ya taɓa tsayawa ya dubi fuskar. Ga goshin, ga dogon hancin, ga idanun nan masu kama da wanda bai gama farkawa ba. Malam Badamasi ne durƙushe a ƙofar gidansa, kamar shekarar da ya sauka daga mota da akwatinsa.

Sandar Alhaji Hayatu ta faɗi. Bai sunkuya ya ɗauka ba.

"Bawana," ya ce. "Mummuna. Ina ka shiga?"

Bilya ya dubi fuskokin mutane, ya ga abin ya juya. Ƙirjinsa ya fara tasowa.

"To kun gani? Ai dama tsarin da na yi ke nan tun farko, sai da na..."

"Rufe bakinka," in ji Inna Baraka daga bayan labule. "Shi ba ya surutu. Kana buɗe baki yake tafiya."

Ya rufe.

Rahinatu ta goge idonta da gefen mayafi, ta ciro wayarta, ta ja baya taku biyu. Ta kunna kamarar gaba, ta juyo masa da fuskar wayar tukuna don ya gyara zama. Bilya ya duba, ya ga wanda ke kallonsa daga ciki. Hawaye ya taru, ɗaya ya gangaro ta kuncin hagu, ya bi layi na biyu, ya fara jan baƙin jagirar zuwa haɓa.

Hannun ya sake fitowa daga labule, ya ɗauke ɗigon da bakin zane, ya mayar da layin inda yake.

"Kada ka yi kuka, ɗan nan," in ji ta. "Za ka goge shi karo na biyu. Rahinatu, ɗauka."